Ta-Gabas da Ɗakunan Allah

A ƙauyenmu da ke kudu da Illela, duk macen da ta je gabas ta dawo Hajiya ake ce mata. Kakata ce kaɗai ta je ta dawo ba a ce mata haka ba. Sunanta na yanka Hadiza, amma ban taɓa jin wani ya kira ta da shi ba. Yaro da babba Ta-Gabas suke cewa, mu jikoki kuma mu ce Kaka. Ina ƙarama na ɗauka kirari ne. Sai da na yi wayo na gane cewa suna ne na wadda ta kama hanyar Makka da ƙafa, ta yi shekaru a kanta, ta isa har bakin teku, sannan ta juyo ba ta ga Ka'aba ba.

Ita ta haifi babana. Doguwa ce, baƙa, siririya kamar karan dawa, ba ta da yawan dariya amma ba ta da faɗa. Akwai abubuwan da ta zo da su daga can waɗanda babu mai yin su a ƙauyen sai ita. Takan soya gahawa a kasko ta daka da citta, ta sha a wani ɗan ƙaramin kofi mara hannu. In abu ya ba ta mamaki ba ta cewa "ikon Allah" kamar sauran tsofaffi, sai ta ce "Ya salam!" Mu kuwa mu yi ta kwaikwayonta a bayan ido.

In an gama yankan hatsi, an cika rumbuna, sanyi ya fara saukowa, to lokacinmu ya zo. Da an yi sallar magariba an ci tuwo, sai ta hura wuta da kara a ƙofar ɗakinta, gindin wata aduwa da ta girmi babana. Mu taru, ni da yayana Habibu da Rabi 'yar baffana da duk yaran da suka ji ƙamshin gyaɗa. Ba ta yarda a zauna hannu sake. Za ta tura mana ƙwaryar gyaɗa ta ce a yi ta ɓara, baki na saurare hannu na aiki. Tana da tatsuniyoyin Gizo da na kura kamar kowace kaka, muna kuma son su. Amma wadda muke roƙo kullum ita ce ta Kurciya.

Takan gyara zama, ta miƙe ƙafafu wajen wuta, ta ce, "Ga ta can tahe, ta ɗauko kaya."

Mu ce, "Ta sauke mu gani!"

Wai wata kurciya ce ta yi sheƙa a kan soron masallacin wani ƙauye, tana da ɗa guda mai farar ƙafa. Ran nan ta tafi neman tsaba, sai guguwa ta taso ta ɗauke ɗan. Da ta dawo ta tarar da sheƙa wayam. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, shi ya sa har yau kukan kurciya bai fita sosai. Sai wata tsohuwar hazbiya ta ce mata, "Bar kuka. Duk tsuntsun da ya ɓata, ɗakin Allah yake nufa, don nan ne kaɗai ba a harbi. Bi su ɗaya bayan ɗaya ki tambaya."

Sai Kurciya ta tashi. Ta fara da Yama, nan kusa da mu, inda wani manomi magini da mutanen garinsu suka tayar da masallacin ƙasa mai hasumiyoyi, kowace da irin adonta, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Ta sauka a kan ɗaya, ta rera wa tsuntsayen wurin waƙa. A nan Kaka takan rage murya, mu kuma mu tsayar da ɓarar gyaɗa:

"Masu gadin ɗakin Allah, sannunku da rana,
ni baƙuwa ce, ba tsaba nika so ba.
Ɗana mai farar ƙafa, iska ta ɗauka,
in ya kwana nan, ku hwaɗa mini."

Tsuntsayen Yama suka ce, "Ba mu gan shi ba, yi gaba." Ta yi arewa har Agadas, inda hasumiyar ƙasa ta tsaya tsakiyar gari da itatuwa cake a jikinta kamar bushiya, matafiya na hango ta tun daga cikin rairayi su san sun tsira. Nan ma aka ce yi gaba. Ta yi yamma har Janne ta ƙasar Mali, ta tarar da gari duka ya fito yaɓen masallaci, mata na ɗebo ruwa, samari na hawa da kwandunan laka, tsofaffi na zaune suna nuna inda aka tsallake. Ta yi waƙarta, hayaniya ta hana a ji, sai da ta jira rana ta faɗi. Aka ce yi gaba.

Daga nan tafiya takan yi nisa. Kurciya ta je Habasha, inda Kirista suka sami dutse guda suka sassaƙa shi ƙasa, ba sama ba, har ya zama ɗakin ibada da ƙofofi da tagogi, mutum na tsaye a kan tudu yana kallon rufinsa a ƙarƙashin ƙafarsa. Ta je Kudus ta sauka a kan ƙubba mai ruwan zinariya, santsi ya kusa kayar da ita. Ta je ƙasar Hindu, inda aka gina wani ɗaki na zinariya tsakiyar tafki, ana dafa abinci dare da rana, duk wanda ya zo ya zauna a ƙasa ya ci ba a tambayar sunansa. Ko'ina ta je waƙar ɗaya ce, amsar ma ɗaya ce.

Abin da ya sa ba mu gajiya da tatsuniyar shi ne kullum tana ƙaruwa. Babana direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, yana ɗaukar albasa daga wajen Malbaza zuwa ƙasashen bakin teku. Wata tafiya da ya dawo ya ba Kaka labarin wata majami'a da ya gani a ƙasar Kuddubuwa, ɗaya daga cikin ƙasashen bakin tekun, girmanta kamar gari, tagoginta na gilashi masu launi, in rana ta bugo sai ƙasa ta zama ja da shuɗi. Ba a yi kwana nawa ba sai ga Kurciya ta sauka a can. Haka in ɗalibi ya dawo daga Misira, ko ɗan kasuwar Konni ya dawo daga wata ƙasa mai nisa, Kaka za ta yafa mayafi ta je yi masa barka da zuwa, ta dawo da sabon gini a bakinta. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma lokacin da malaminmu ya nuna mana hotunan manyan gine-ginen duniya a aji, na riga na san rabinsu, har na san inda kurciya za ta iya sauka a kan kowanne.

Wata rana Habibu, wanda ya fara zuwa makarantar dare yana jin kansa malami, ya katse ta.

"Kaka, ai waɗannan na Habasha da na Hindu ba Musulmi ba ne. Me zai kai ɗan kurciyar masallaci can?"

Ta dube shi ta cikin hayaƙi. "Kai, miji na, iska shawara taka yi da kai kahin ta aje ka? Wanda ya ɓata, duk ƙohwar da ya gani buɗe nan shika shiga. In wani ya ba ɗanka ruwa, tambaya tai za ka yi ina shika duba in zai yi salla? Godiya za ka yi mishi."

Habibu ya ci gaba da ɓara.

Abu ɗaya ne ke ba mu haushi. Tatsuniyar ba ta da ƙarshe. Kullum Kurciya takan zo bakin wani babban teku, ta hango hasken Makka a tsallake, sai Kaka ta tattara ƙafafunta ta ce, "Nan na aje ta. Wanda ya ga ƙarshenta shi kawo mini." Mu yi ta magiya. Rabi ta taɓa yin kuka sosai, ta ce ita ba za ta kwanta ba sai an ga ɗan. Kaka ta ɗauke ta ta ɗora a cinya, tana shafa kanta, amma ba ta ƙara ko kalma ba.

Ina aji biyar na gane dalili. Wani maƙwabcinmu, Alhaji Ɗan-Ladi, ya dawo daga aikin hajji, Kaka ta ce in raka ta ta yi masa barka, don idonta ya fara rauni. Muka tarar da zaure cike. Aka ba mu dabino da zamzam a ɗan murfi. Ta jira har mutane suka ragu, sannan ta matsa kusa da shi. Ta tambaye shi Ka'aba, ya kwatanta mata baƙin mayafinta da rubutun zinariya. Ta tambaye shi Madina, ya faɗi koriyar ƙubba da sanyin marmara. Tana ta gyaɗa kai tana "Ya salam." Sai ta yi ƙasa da murya.

"Alhaji, cikin mutanenmu mazauna can, ba ka ga wani ba? Yanzu ya yi hurhura. Ƙafa tai ta hagu akwai tabon wuta, hwari, tun daga idon sawu har yatsu."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Da gani ba yau aka fara yi masa irin wannan tambayar ba, ko kuma an riga an gaya masa za a yi.

"Inna, wallahi na duba. Mutane ne kamar ƙasa. Ban gani ba."

"To, madalla. Allah shi karɓi ibada."

Muka kama hanyar gida. Hannunta na kan kafaɗata. Da magariba ta yi aka hura wuta, sauran yara sun tafi kallon wani biki a unguwar gabas, ni na ƙi zuwa. Na zauna kusa da ita, na daɗe ina juya maganar, sannan na ce, "Kaka, wane ne mai farar ƙafa?"

Ta tura wani kara cikin wuta.

"Wan ubanki ne," ta ce.

Ban taɓa sanin babana yana da wa ba. A daren nan ta ba ni labarin, ba waƙa, ba kwaikwayon murya, kamar mai karanta abin da ya sami wata.

Kafin kakana ta yi wani aure, da wani manomi mai suna Abdu, mutumin kirki mai son addini. Shi ya ce su tafi Makka, kamar yadda mutane da yawa ke yi a wancan zamani, a ƙasa, ana tafiya ana tsayawa neman guzuri. Suka bar gida da ɗansu na fari yana goye. Suka ratsa Damagaram, suka shiga Cadi, suka yi damina a wani gari suna noma wa mutane. A can ne yaron, yana rarrafe, ya taka garwashi. Suka isa Sudan suka yi shekaru suna tsinkar auduga. Yaron ya girma har yana iya riƙe wa babansa buhu, yana jin Larabci fiye da su. A can ta haifi 'ya mace.

Da guzuri ya haɗu suka gangara Sawakin, wani tsohon gari a bakin teku mai gidajen farin dutse da suka fara rushewa. Ba su da takardun shiga babban jirgi, sai suka shirya da masu ƙananan jiragen ruwa da ke tsallakar da mutane a ɓoye. Ranar da aka ce a fito, jaririyar na fama da zazzaɓi da gudawa. Mai jirgi ya ce ba zai ɗauki mara lafiya ba. Ya ce wani jirgin zai tashi bayan 'yan kwanaki. Abdu ya so su fasa duka, amma an riga an karɓi kuɗinsu, kuma ba a mayarwa. Suka yanke shawara shi ya wuce da yaron, ita ta biyo su in jaririya ta ji sauƙi. Ya ce za su jira ta a ƙofar Harami, kullum bayan la'asar, har ta zo.

"Yaron bai so ba," in ji Kaka. "Ya riƙe mini zane. Ni da hannuna na ɓamɓare yatsunshi, na ce mishi tahi, gobe-gobe ina nan tahe. Shina cikin jirgi shina waigowa."

Jaririyar ta rasu bayan kwana kaɗan. Wasu mata 'yan Barno suka taimaka mata aka binne ta. Kafin wani jirgi ya tashi, hukuma ta kama masu jiragen, hanya ta rufe. Ta zauna a Sawakin tana wanki da daka a gidajen mutane, tana tare duk wanda ya dawo daga tsallake. Wani ya ce jirgin ya isa lafiya. Wani ya ce an sauke su a wani bakin gaɓa da babu ruwa babu gari, kowa ya kama gabansa. Wani ya ce iska ta kora jirgin kudu, wajen Yaman ko Habasha. Wani ma ya ce wani babban jirgin 'yan Hindu ya tsinci wasu mutane a teku ya wuce da su. Babu wanda ya ce ya ga gawa, babu wanda ya ce ya gan su da rai. Bayan shekaru wani ƙanen mahaifinta da ke dawowa daga hajji ya same ta a can, ta rame ta zama kamar ba ita ba, ya ce ba zai bar ta ba. Haka ta dawo.

"Da an ce mini ya mutu, da na yi kuka na share hawaye, kamar yadda na yi na ƙanwa tai. Amma wa za ya ce mini?"

Na tambaye ta sunansa. Ta girgiza kai. Ɗan fari ne, kuma a al'adarmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, kunya ce. Ko a lokacin da yake hannunta "kai" take ce masa, ko "yaron nan". Daga bakin babana na ji sunan daga baya: Sa'adu.

Bayan wannan daren na ci gaba da zama a bakin wuta, amma ban ƙara roƙon ƙarshen tatsuniyar ba. In Rabi ta fara magiya sai in tsunkule ta.

Shekaru suka wuce. Na tafi kwalejin Konni, ina zuwa gida sai hutu. Babana ya daɗe yana da niyyar kai mahaifiyarsa Makka, Allah bai nufa ba sai da ta tsufa tukuf, idonta na dama ya rufe, na hagu yana ganin dishi-dishi. Da ya gaya mata ya sami kujera biyu, shi da ita, ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce a kira mata wanzami ya duba ko akwai abin da za a yi wa idon. Aka kai ta likita a Konni, suka ba ta tabarau mai kauri. Ta yi ta gwada shi a tsakar gida, tana kiran mu ɗaya bayan ɗaya mu tsaya daga nesa ta ga ko za ta gane fuska.

Ranar da suka dawo ƙauye ya cika. Mata na guɗa, ana ta "Hajiya! Hajiya!" Sunan da ta yi fiye da rabin rayuwarta ba ta samu ba, ga shi ya zo. Ta zauna a kan tabarma cikin farin mayafi tana amsa gaisuwa, tana raba dabino. Da dare ya yi muka hura mata wuta da kanmu, mu da muka girma da ƙananan da aka haifa bayanmu. Wani ƙaramin jikanta ya ce, "Kaka, yaya Ka'aba take?"

Matar da ta kwatanta mana Janne da Kudus da Habasha ba ta taɓa ganinsu ba, yau ga abin da ta gani da idonta.

Ta juya ta dubi yaron.

"Ɗiyana, ku tambayi ubanku. Ni ban dube ta da kyau ba. Ƙahwahun mutane nika kallo."

Babana ne ya ba ni sauran, bayan kwana biyu, muna zaune a inuwar motarsa. Ya ce kullum bayan la'asar sai ta sa ya kai ta ƙofar Harami. Ƙofofin sun yi yawa, ginin da aka yi mata kwatance tun tana Sawakin an rushe an faɗaɗa, babu wanda ya san wace ƙofa Abdu yake nufi. Sai suka riƙa zagawa, yau wannan gobe waccan. Ta zauna inda mutane ke tuɓe takalma, ta sa tabarau, tana bin sawu da ido har a kira magariba. Ya kai ta unguwannin da Hausawa suka daɗe da zama, suka shiga gida-gida. An karɓe su da mutunci, an ba su shayi, tsofaffi sun yi ta tuno sunaye, amma babu wanda ya san Abdu na wajen Illela ko ɗansa.

"Ranar ɗawafin bankwana," in ji babana, "ina tura ta a keken marasa lafiya, muna cikin zagaye, sai na ji ta ɗaga murya. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta ce, Sa'adu! Sa'adu! Kamar mai kiran yaro ya shigo gida a ci tuwo. Mutane na waigowa. Wani mutum can gaba ya juyo, na ga ta miƙe zaune, ashe wani Balarabe ne, saurayi ma. Ba ta ƙara kira ba."

Babana mutum ne da ban taɓa ganin hawayensa ba. Ranar ya juya mini baya yana goge gilashin mota da ba shi da datti.

Kaka ba ta sake yin tatsuniyar Kurciya ba. In yara sun roƙa sai ta ce ta manta, ta yi musu ta Gizo. Ta daina zuwa yi wa matafiya barka. Damina biyu bayan dawowarta ta kwanta, ciwon bai yi tsawo ba. Ina Konni aka aiko, kafin in iso an kai ta.

Yanzu ni ma na yi jikoki. Ina koyarwa a Malbaza, kuma duk shekara nakan nuna wa ɗalibaina hotunan waɗannan gine-gine, in faɗa musu wanda ya gina da irin dutsen da aka yi amfani da shi. Su suna ganin tsawo da ado. Ni kuwa idona kan tafi wajen 'yan mutanen da ke ƙasan hoton, waɗanda mai ɗauka bai ma lura da su ba, na zaune a bakin ƙofa, na jingine da bango. Na daɗe ina ɗaukar darasin tatsuniyar Kaka shi ne haƙuri, ko kuma kada a raina ɗakin ibadar kowa. Duka biyun suna ciki. Amma akwai abin da ban gane ba sai da na je da kaina.

Shekarar da ni da maigidana muka sauke farali, wata rana bayan la'asar muna zaune a farfajiyar Harami ta waje muna hira, sai wani tsoho da ke kusa ya juyo ya ce, "Sannunku, mutanen gida." Hausarsa ta tsufa, ta cakuɗe da Larabci, irin ta wanda ya koya a bakin iyaye bai taɓa ganin ƙasar ba. Kafin in amsa gaisuwar na kai ido ƙafarsa. Babu komai. Ya ce shi asalinsu wajen Damagaram ne, tela ne, a nan ya yi aure ya haifi 'ya'ya.

Ya lura da inda na duba, ya tambaya. Sai na ba shi labarin Kaka, a taƙaice, maigidana na taya ni. Tun ina tsakiya na ga ya daina jan carbi.

Ya ce shi ma a jirgin ɓoye aka tsallako da shi, shi da kawunsa. Mahaifiyarsa na da tsohon ciki, aka bar ta a wancan gefen, aka ce za ta biyo baya. Ba ta zo ba. Kawun ya rasu yana yaro, ya tashi a hannun mutane. Bai san sunan ƙauyensu ba, sunanta ma bai sani ba, Inna kawai yake ce mata.

"Na yi shekaru ina jin haushinta," ya ce. "Ina cewa ta koma gida ta haifi wasu ta manta da ni. Har na yi furfura ban daina faɗin haka a raina ba." Ya dube ni. "'Yata, ita kakar taki, ta yi aure ta haifi wasu?"

Na ce ta yi, babana ma a cikinsu yake.

"Kuma ba ta bar nema ba?"

"Baba, har ta tsufa ido ya tafi tana nema. Duk wanda ya dawo daga wata ƙasa sai ta je ta tambaye shi."

Ya ɗora hannu a kan baki. Kafaɗunsa suka fara rawa. Tsoho ne da ya haura saba'in, ga mutane na wucewa ta ko'ina, ya yi kuka irin na yaron da aka bari a kasuwa. Maigidana ya riƙe masa hannu. Da ya samu ya yi magana sai ya ce, "Ashe suna nema. Wallahi ban sani ba. Ashe suna nema."

Muka zauna tare har aka kira magariba. Da za mu rabu ya tambayi sunan Kaka na yanka, ya maimaita shi a hankali don kada ya manta, ya ce zai yi mata ɗawafi duk Juma'a muddin ƙafarsa na ɗaukarsa. Sannan ya ce, "In kin koma, ki je inda take kwance. Ki ce wani yaro daga tsallake ya ce a gaishe ta. Ki ce ya isa lafiya, an ba shi ruwa, an ba shi abinci, ya girma."

Na ce, "Baba, ai ba kai ne nata ba."

Ya ce, "Na sani. Ki dai faɗa mata."

A wajenmu mata ba sa shiga maƙabarta. Da na dawo na hau mota zuwa ƙauye, na sa Habibu ya raka ni, ya shiga ya tsaya a kan kabarin don in gane wanne ne. Ni kuma na tsaya a bakin shingen ƙaya, na yi mata sallama, na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, ban rage ba ban ƙara ba.